Karkatar da kan da aka ɗauka shagwaɓa ce

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 19 ina riƙe da alli. Abin da zan ba ku labarinsa yana tare da ni tun kafin in yi wayo, amma sai da na haura shekara 40 a duniya aka gaya mini mene ne. Na ga ya kamata in rubuta, domin na tabbata akwai mai irin lalurata yanzu haka da ke ta canza tabarau yana shan maganin ciwon kai, shi ma bai san inda matsalar take ba.

Tun ina ƙarama nake langaɓar da kai wajen kafaɗar hagu. Ba sosai ba, kaɗan ne, irin yadda yarinya ke karya wuya in tana roƙon wani abu. A gidanmu tuni aka yanke wa abin hukunci, aka ce shagwaɓa ce. Inna takan ce, "Ke, gyara wuyan nan, ba na son iyayi." Gwaggo kuma ta dage cewa goyo ne aka yi mini a karkace ina jaririya. A makarantar allo Malam yakan sa bakin bulala ya ɗago haɓata ya daidaita mini kai, da ya juya baya sai kan ya koma inda ya saba, ba tare da na sani ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ɗebo ruwa. Sa'o'ina su ɗora bokiti a kan gammo su taho suna hira, ko ɗigo ba ya zuba. Ni kuwa in na bar kaina yadda yake so, ruwa ya jiƙa mini kafaɗar hagu. In na miƙe wuyan da ƙarfi saboda kayan, sai hanya ta rikice mini, in ga ƙasa kamar ta ɗan motsa, sai na kanne ido ɗaya nake isa gida. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, domin na ɗauka kowa haka yake gani in ya ɗauki kaya.

Haka na yi firamare da sakandare, na yi kwalejin horon malamai, na yi aure, na haifi yara biyar. Idona bai taɓa hana ni komai ba. Ciwon wuya da na kafaɗa dai ba sa rabuwa da ni, ana cewa aikin allo ne da goyo.

A farkon 2021, lokacin da aka matsa wa kowa ya haɗa lambar katin ɗan ƙasa da layin waya, na je ɗaukar hoto. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce, "Mama, a ɗan daidaita kai." Na daidaita. Ya ce bai yi ba, a ƙara zuwa dama. Da na ƙara, sai na ga 'yar kyamarar da ke gabana ta zama biyu, ɗaya a saman ɗaya, ta ƙasan a ɗan kishingiɗe. Na ƙifta ido, na koma yadda na saba, suka haɗe. Na fito ina cewa a raina yunwa ce da tsayuwar layi.

Ƙarshen shekarar na yi zazzaɓin taifot mai tsanani, na kwanta kusan mako uku. Bayan na tashi ne abin ya fito fili. Da safe lafiya lau nake gani, amma daga azahar zuwa yamma sai rubutu ya fara hawa kan juna. Wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san yadda take: sunaye a jere a hagu, layuka siri-siri sun miƙe zuwa dama, kowane yaro da gidansa. Ina da yara fiye da 70 a ajina. Sai in ɗauko layin yaro daga sunansa, kafin in isa gidan ranar, layin ya rabu biyu, in sa alamar zuwa a layin na ƙasa da shi. Ranar da na fi jin ciwo ita ce ranar da na shigar da makin jarrabawar wata yarinya mai ƙoƙari a layin wani yaro, ita kuma na ba ta nasa. Ta zo da katin sakamakonta tana kuka, ta ce, "Malama, ni ce na ci 31 a lissafi?" Na duba takardarta, 84 ta ci. Na gyara, na ba ta haƙuri, amma na koma gida jikina a sanyaye. Amanar yara ce a hannuna, ga shi idona ya fara cin amanar.

Daga nan na koma sa rula a ƙarƙashin kowane layi, ina rufe idon dama da tafin hannu in ba kowa a kusa. Da na rufe ido ɗaya, komai sai ya tsaya cak. Ko wanne na rufe, bibbiyun na tafiya.

Azumin 2022 ne ya karya mini zuciya. Na saba sauke Alƙur'ani sau biyu a watan. Wannan shekarar ko izu 20 ban kai ba. Wasullan layin sama suna sauka a kan na ƙasa, kisira ta zama kamar fataha, ɗigon harafi ɗaya ya zama biyu, ba na iya bambance ba'un da ya'un sai da hadda ta taimake ni. In na matsa wa kaina na shafi biyu, sai goshina ya ɗaure, ƙeyata ta riƙe, zuciyata ta fara tashi. Na ajiye Mus'hafin ina hawaye, na koma sauraro a waya.

Na fara neman magani ta inda kowa ke farawa. Wata abokiyar aikina ta ce shekaru ne, ita ma da ta kai 40 sai da ta sayi gilashin karatu. Na je kasuwa wurin masu baza tabarau a faranti, mai kayan ya miƙo mini takardar jarida, ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya har na tsaya a kan mai lamba +1.50. Gaskiya haruffa sun ƙara girma sun fito. Sai dai yanzu bibbiyun ma ya fito tar, dā dishi-dishi nake ganin na biyun, yanzu ina ganinsa sarai. Kwana huɗu na ajiye shi.

Sai aka zo duba ido kyauta a unguwarmu. Na bi layi tun safe. Aka tsayar da ni nesa da allon haruffa, aka rufe mini idon hagu na karanta har kusa da layin ƙarshe, aka rufe na dama na karanta har ƙasa. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, idonki ƙalau yake, gilashin karatu kawai kike buƙata." Na buɗe baki zan ce ai matsalar sai idon biyu suna buɗe, na waiga na ga tsofaffi masu yanar ido a bayana, wasu da ɗan jagora, sai na ji nauyi. Me zan ce a gaban wanda ba ya ganin tafin hannunsa? Na karɓi maganin ɗigawa na yi godiya. Ba na zargin mutanen nan, aikin alheri suka zo yi, kuma mutane da yawa sun amfana. Amma awon da ake yi wa kowane ido shi kaɗai ba zai taɓa kama irin ciwona ba, domin kowane idona shi kaɗai yana gani. Zaman tare ne ya gagare su.

Na uku shi ne wani shagon tabarau mai na'ura. Na ɗora haɓa, na leƙa na ga hoton wani ɗan gida a ƙarshen hanya, na'urar ta yi ƙara ta fitar da 'yar takarda. Ko minti biyar ba a yi ba. Aka ɗora mini gilasai biyu uku, ana tambaya, "Ya yi?" Na ce ya yi. A gaskiya ban san ko ya yi ba, na ga dai mutumin yana sauri, ni kuma an tarbiyyantar da ni kada in wahalar da mutane. Na biya kuɗi masu ciwo, bayan mako aka ba ni tabarau mai kyan firam. Da na sa shi, ƙasa ta yi mini tudu, bakin ƙofa ya lanƙwashe. Na koma, aka ce in daure ido zai saba. Na daure wata guda cur, ina fama da jiri, har na haƙura na sa shi a durowa kusa da na kasuwa.

A wannan tsakanin babu abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce hawan jini ne, aka auna, lafiya. Wasu suka ce kambun baka ne, tunda an san ni da kyan rubutu a allo. Yayata ta kawo mini zuma da habbatus sauda, aka yi mini ruƙiyya, na riƙe azkar ɗina safe da yamma, kuma har gobe ina riƙe da su, domin su suka tsare mini zuciya lokacin da na fara tunanin ko makancewa zan yi, ko wani abu ne ke tsiro mini a ƙwaƙwalwa. Abu ɗaya na ƙi, shi ne da aka kawo wani ruwan magani a kwalba ba suna ba takarda aka ce in ɗiga. Na taɓa ganin yaron da aka ɗiga wa irin wannan a ajina, idon bai dawo ba.

Abin da ya sa maigidana ya ce ya isa haka shi ne faɗuwar da na yi. Mun je barka gidan ƙanwarsa da ke zaune a bene. Wajen saukowa, hannuna ɗaya riƙe da kular abinci, na dubi ƙasa sai na ga bakin kowace matakala biyu ne. Na taka wanda babu. Allah ya taƙaita, matakala uku suka rage, na gurɗe a ƙafa kawai. A daren ya ce, "Malama, wannan ba na kemis ba ne. Asibitin ido na gaske za mu." Aka ba mu shawarar wurare uku: asibitin ido na ECWA da ke Kano, da asibitin Makka shi ma a Kano, da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Muka zaɓi Kaduna saboda ta fi mana kusa. Lokacin watan Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, sai da ya kwana biyu yana zagayen masu POS kafin ya haɗa kuɗin mota a hannu. Muka yi asubanci, muka sauka a Kawo, muka ƙarasa a Keke Napep.

Bayan an yanki kati an yi awon allo irin wanda na saba, aka shigar da ni wurin wata likita. Wannan karon na riga na yi wa kaina alkawari ba zan yi kara ba. Tun kafin ta tambaya na ce, "Likita, kowane ido shi kaɗai yana gani. In na buɗe biyun ne abu ke zama biyu." Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Gefe da gefe suke, ko sama da ƙasa?" Na ce sama da ƙasa, ɗayan kuma a karkace. Ta ce, "Yaushe ya fi tsanani?" Na ce in na gaji, da in na dubi ƙasa, wajen karatu ko saukowa daga bene. Wallahi tun daga tambayoyin nan na ji wani nauyi ya fara sauka daga ƙirjina, domin a karon farko wani ya nuna ya san ƙasar da nake ciki.

Ta sa na kafa ido a kan wani harafi a bango, ta ɗauko wani ɗan faifai baƙi mai mariƙi, tana rufe ido ɗaya tana buɗewa, tana komawa ɗayan. Maigidana na tsaye a gefe, sai na ji ya ce, "Ikon Allah." Likitar ta ce ya matso ya gani da kyau. Duk lokacin da ta rufe idon dama, sai ya sulale sama a bayan faifan, in ta buɗe sai ya sauko ya nemi wurinsa. Shekara 20 muna tare bai taɓa ganin haka ba, domin ni ba harara-garke ba ce da za a gani daga nesa. Daga nan ta sa mini wani jan gilashi mai gurza-gurza a idon dama, ta haska 'yar fitila. Ta ce me na gani? Na ce ga fitila, ga kuma jan layi a kwance a ƙasa da ita. Ta ce wanda idonsa ke daidai, layin ta tsakiyar fitilar yake ratsawa. Sai ta kama kaina da hannu biyu a hankali ta kwantar da shi wajen kafaɗar dama. Layin ya gudu ƙasa sosai, ɗakin ya rabe biyu har na riƙe kujera. Ta mayar da kan hagu, inda ya saba zama, layin ya hau ya kusa taɓa fitilar.

Ta ce, "Malama, kina da tsofaffin hotunanki?" Maigidana ya buɗe wayarsa, akwai hoton bikinmu da ya ɗauka daga albam, da wani na ranar da muka gama sakandare, da wani baƙi da fari ina 'yar shekara biyar a tsaye kusa da Inna. Ta jera su tana nuna masa da bakin biro. A duka ukun kaina na kwance a hagu, kusurwa ɗaya, kamar an auna.

Bayanin da ta yi mini, na riƙe shi kamar karatun allo. Kowane ido tsokoki shida ne ke juya shi, huɗu na kai shi sama da ƙasa da dama da hagu, biyu kuma a karkace suke, su ke murza shi. Jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba tsokokin nan umarni, ana kiransu ta uku da ta huɗu da ta shida. Ta huɗun tsoka ɗaya tak take yi wa aiki, wadda ke murza ido ciki tana kuma saukar da shi ƙasa in mutum ya dubi wajen hancinsa, wato daidai inda ido ke zuwa wajen karatu da taka matakala. Tawa ta idon dama rarrauna ce, kuma ga dukkan alamu da ita aka haife ni. Shi ya sa idon ke son hawa sama. Tun ina jaririya jikina ya gano cewa in na kwantar da kai hagu, ba a buƙatar wannan tsokar sosai, hotunan biyu sai su haɗe. Sauran gyaran kuma ƙwaƙwalwa da sauran tsokokin ke yi da ƙarfin tsiya, dare da rana. Ta ce yawancin mutane ɗan bambanci kaɗan na sama da ƙasa suke iya haɗewa, awo biyu zuwa uku a ma'aunin karkatar ido da likitoci ke amfani da shi, amma wanda ya tashi da abin tun yarinta yakan iya haɗe ninkin haka sau da yawa. Sai dai ƙarfin yana raguwa da shekaru, ciwo mai kwantarwa kamar taifot ɗin da na yi yana iya ƙarasa shi, ga kuma raunin ganin kusa da ke zuwa wa kowa wajen shekara 40 ya haɗu da shi.

Ina zaune ina jin ta, hawaye na zuba ban ma sani ba. Duk faɗan da aka yi mini a kan wuyan nan, duk dariyar 'yan aji, ashe dabara ce Allah ya kimsa wa jikina don in ga duniya guda ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tura aka auna mini sukari da jini, domin ta ce ciwon sukari da hawan jini suna iya taɓa waɗannan jijiyoyin, haka ma buguwa a kai. Ta kuma ja mini kunne da wata magana da nake so kowa ya ji: wanda gani bibbiyu ya faɗo masa farat ɗaya, musamman in da ciwon kai mai tsanani, ko fatar ido ta sauko, ko wani sashe na jiki ya saki, wannan ba maganar tabarau ba ce, asibiti zai nufa a ranar. Nawa tsohon abu ne, hotuna sun ba da shaida. Aka ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido aka duba can ciki, aka auna ƙarfin ruwan ido saboda gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani, duk lafiya. Na fito rana na kashe mini ido, ko lambar waya ba na iya karantawa, maigidana na riƙe da hannuna har tasha.

Awon tabarau sai a zuwa na biyu aka yi, bayan maganin ya sake ni. Mai awon ya ɗora mini wani firam mai nauyi na ƙarfe, yana zura gilasai yana cirewa. "Na ɗaya ko na biyu?" In na ce ban tabbata ba, sai ya ce, "Ba komai Malama, mu sake, ba sauri muke ba." Ya ce mini "ban gane bambanci ba" ita ma amsa ce, kuma ta fi "ya yi" na kunya amfani. Mun fi minti 40. A nan aka gano idon dama yana da wata matsalar kuma, gaban ƙwayar bai yi zagaye sosai ba, ya ɗan yi kamar ƙwai, shi ke sa gefen haruffa inuwa. Gyaransa gilashi ne mai ƙarfi ta kusurwa ɗaya, ana rubuta kusurwar da digiri daga 1 zuwa 180, in aka kauce kaɗan sai ƙasa ta yi wa mutum tudu. Da ya sa tabarau na mai shago a na'urar karanta gilashi, ya ce ƙarfin ya zarce buƙatata, kusurwar ma ba nan take ba.

Sai aka zo kan firizim. Gilashi ne mai kauri ta gefe ɗaya, siriri ta ɗayan, aikinsa ya karya haske ya kai hoton inda idon yake kallo, maimakon a tilasta wa ido ya bi hoton. Awo ɗaya na firizim yana gusar da abu santimita 1 in yana nesan mita 1. Karkatar idona ta kai awo 12, amma ya ce ba za a ba ni duka ba, za a ba ni mafi ƙanƙantar abin da zai sa in huta, tunda tsokokina sun saba ɗaukar wani kaso. Muka tsaya a kan 6, aka raba, 3 a dama kaurin na ƙasa, 3 a hagu kaurin na sama. Ya ce in tashi da firam ɗin gwajin in zaga. Na fita baranda, na tarar da 'yan matakalu, na tsaya a kansu na dubi ƙasa. Kowace matakala bakinta ɗaya. Na sauka, na hau, na sake sauka ban riƙe komai ba. Na dawo ya miƙo mini takarda mai ƙananan rubutu, ya ƙara gilashin karatu +1.25 a kai, layuka suka kwanta kowanne a gidansa.

Kafin a yanka na dindindin, an manna mini wata 'yar leda mai siraran layuka a jikin gilashi ɗaya na yi makonni da ita, don a tabbatar awon ya zauna. Tana ɗan rage hasken gani, amma ta nuna mana hanya. Ya kuma auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idona da 'yar rula, milimita 62, ya sa ɗigo a kan gilashin daidai inda kowace ƙwaya take. Ya ce kowane gilashi mai ƙarfi, in tsakiyarsa ta kauce daga ƙwayar ido, shi da kansa yana zama firizim ɗin da ba a nema ba: mai lamba 2.00 in ya kauce da milimita 5, ya haifar da awo ɗaya ke nan. Nan na gane abin da tabarau na kasuwa ya yi mini, domin firam ɗinsa a ɗan murɗe yake, gilashi ɗaya ya fi ɗaya hawa. Ga mai lafiyayyen ido wataƙila ba komai, ga mai irin idona kuwa ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Saura ƙiris in sake komawa gidan jiya. Saboda sauƙin kuɗi na kai takardar wani shago daban aka yanka. Da na sa, bibbiyun ya fi na dā nisa. Wannan karon ban daure ba, ban kuma yarda da "ido zai saba" ba. Na koma Kaduna da shi, aka ɗora a na'ura, sai ga shi an juya firizim ɗin, kaurin dama yana sama, na hagu yana ƙasa. Maimakon a rage mini 6, an ƙara mini 6. Na mayar musu da takardar shaida, suka sake yankawa, na sake kaiwa aka duba kafin in fara sawa. Sabon tabarau yakan ɗan ba mutum baƙunta na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne, amma wanda ke ƙara raba abu biyu ko ya sa jiri har mako biyu, a mayar a auna shi.

Yau shekara biyu ke nan da wani abu. Tabarau biyu gare ni, na tafiya da na karatu, duka da firizim. Ba zan ce an warke ba, domin tsokar tana nan yadda take. In na dubi can ƙasa ta hagu har yanzu abu na rabewa, kuma firizim ba ya gyara 'yar murɗewar hoton. An gaya mini in awon ya ci gaba da ƙaruwa har gilashi ya gaza, akwai aikin da ake yi a sassauta tsokar da ke rinjayar rarraunar. Duk shekara ina komawa a duba. Wuyana bai miƙe gaba ɗaya ba, shekara 40 ba wasa ba ce, amma ciwon ƙeya da na kafaɗa ya ragu ƙwarai. Azumin 2024 na sauke sau biyu, da idona, a Mus'hafina na dā.

A aji kuma idona ya buɗe ta wata fuskar. Yanzu ina lura da yaron da ke kanne ido ɗaya in ya fita rana, da mai kwantar da kai in yana kwafe daga allo, da wadda idonta ɗaya ke shigewa wajen hanci in ta gaji. Likitar ta gaya mini cewa yaro ba kamar babba ba ne: in idonsa ɗaya ya karkace, ƙwaƙwalwarsa takan yi watsi da hoton wannan idon don kada ya ga bibbiyu, sai idon ya taso rarrauna, kuma gyaran ya fi yiwuwa kafin shekara bakwai zuwa takwas. Wasu tabarau kawai suke buƙata idon ya miƙe, wasu a rufe mai ƙarfin na wasu awanni a rana don ragon ya yi aiki. Na kira iyaye huɗu zuwa yanzu. Biyu sun kai 'ya'yansu. Ɗaya uban ya ce mini haka kakan yaron yake, gado ne, ba a taɓa halittar Allah. Na ce masa Alhaji, gadon ma ana kai shi asibiti, ban dai ci nasara ba tukuna, amma ban daina aika masa saƙo ba.

Inna ce na daɗe ban gaya wa ba, ina tsoron yadda za ta ji. Da na je gida hutun ƙarshen zango, na zauna kusa da ita a tabarma bayan la'asar, na ciro hoton nan baƙi da fari daga albam ɗinta na ba ta labari tun daga farko. Ta kai hoton dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa, tana shafa wuyan yarinyar da ke ciki da ɗan yatsa. Sai ta ce, "Ashe ba iyayi ba ne. 'Yar nan ki yafe mini, na sha dungure miki kai a kan abin da ba laifinki ba." Na ce, "Haba Inna, wa ya sani a lokacin? Ba ki yi mini komai ba sai alheri." Muka yi shiru. Can ta ce ita ma idonta na hagu ya fi shekara yana yi mata hazo, kamar hayaƙin murhu ya tsaya a gabanta, ta ƙi faɗa ne don kada ta ɗora mana nauyi. Na juya fuskarta wajen haske na duba, ƙwayar ta yi fari-fari. A take na kira Yaya a waya, muka tsayar da ranar Talata, shi zai kawo mota, ni zan riƙe mata hannu.